Wa Ya Ce Sitiyari Gadon Maza Ne?

Ranar da aka yi taron karɓar sababbin ɗalibai na sashen injiniya, an bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambayar kowa abin da yake burin zama in Allah ya sa ya gama lafiya. Wannan ya ce kamfanin mai, wancan ya ce ma'aikatar ayyuka, wani ma ya ce shi ko ina ne, muddin akwai gida da mota. Duk aka tafa musu. Da aka zo kan wata yarinya 'yar Unguwar Boro, can kudancin Kogin Kaduna, sai ta miƙe ta ce ita so take ta haɗa motar tsere da hannunta, ta kuma shiga ta tuƙa ta a fili, ta kara da ko wane ne. Jama'a, zauren nan kamar zai tsage don dariya. Wani daga kujerun baya har ya ɗaga murya ya ce ta je ta ƙware a tuƙin tuwo tukuna. Muna cikin zauren, kuma ba za mu yi muku ƙarya ba, wasunmu sun dara. Kunyar wannan dariya ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Daga baya muka bincika, muka tarar ashe 'yar bakanike ce. Mahaifinta ya koyi sana'a a Kakuri zamanin da masana'antu ke hayaƙi, ya buɗe garejinsa a bakin hanyar Kachia, ita kuwa tun tana firamare take miƙa masa sifana. Yau da kunne kawai takan gane fulogin da ya mutu, tana kwance kafireto ta wanke ta mayar, ta san kukan kulocin da ya cinye da na giyar da ta rasa mai. Waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyata mata kuwa, mun san su sarai: in tayar motar babansu ta yi faci sai su tsaya bakin titi suna jiran mai jak. To, wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Mun lura da yawa daga cikin masu dariyar ba su ma san abin da take nufi ba, saboda haka bari mu fara da shi. Akwai tseren mota iri-iri a duniya. Akwai na motocin nan masu kama da ƙwaro, kujera ɗaya, tayoyi a waje, waɗanda ake ƙera su don tsere kawai, kuma kuɗin guda ɗaya zai gina asibiti. Ba su take nufi ba. Wanda take nufi shi ne tseren motocin gama-gari, wato irin motar da kowa ke saye a kasuwa, a cire mata kujerun baya da duk wani kayan ƙawa, a walda mata keji na bututun ƙarfe daga ciki don ko ta wuntsila kada ta murƙushe direba, a gyara injin, a ƙarfafa birki, sannan a jera su a fili mai siffar ƙwai su yi ta kewayawa har a cika adadin zagayen da aka yanka. Asalin wannan wasa ba na masu kuɗi ba ne. Talakawan kudancin Amurka ne suka faro shi, manoma da makanikai da masu fasa-ƙwaurin barasa da ke gyara motocinsu don su tsere wa 'yan sanda. Da abin ya yi yawa, ana ta cutar direbobi ana gudu da kuɗin ƙofa, sai wani bakanike mai suna Bill France ya tara su suka kafa ƙungiyar NASCAR a 1948, aka rubuta dokoki. Babbar gasarsu a yau ita ce ta Daytona, mil 500, zagaye 200 a fili mai tsawon mil biyu da rabi. Amma gindin abin yana can a ƙananan filayen turɓaya na ƙauyuka, inda ake haɗuwa daren Asabar, uba ne bakanike, ɗa ko 'ya ce direba, uwa tana riƙe da agogo tana lissafin zagaye.

Ga kuma abin da masu dariya ya kamata su haɗiye. A tseren farko na babban rukunin NASCAR, wanda aka yi a garin Charlotte ranar 19 ga Yuni 1949, akwai mace a cikin direbobin, sunanta Sara Christian, kuma kafin shekarar ta ƙare ta zo ta biyar a wani tseren. A 1977 Janet Guthrie, wadda ta karanta kimiyyar lissafi ta kuma yi aikin injiniyar jiragen sama, ta zama mace ta farko da ta shiga gasar Daytona da ta Indianapolis. A shekarar da ta biyo ta zo ta tara a Indianapolis da karyayyen wuyan hannu, ta ɓoye karayar don kada a hana ta shiga. Danica Patrick, wadda ta fara da 'yan ƙananan motocin yara tana da shekara goma, ta ci gasa sukutum a Japan a 2008, sannan a 2013 ta fi duk mazan gudu a gwajin Daytona, mil 196 a awa ɗaya, aka sa ta a sahun farko. Sai dai mu lura da yadda Guthrie ta ƙare. Ba tsoro ne ya fitar da ita ba, ba kuma gazawa ba. Kamfanonin da ke zuba kuɗi a bayan direbobi ne suka ƙi zuba mata, tana ji tana gani mazan da ta sha wucewa a fili suka ci gaba, ita ta koma gida. Haka aka yi wa Wendell Scott, baƙar fata, direban tasi kuma bakanike, wanda ya ci tsere a Jacksonville a watan Disamba 1963 amma aka miƙa wa Bature kofin, iyalansa ba su karɓi madadinsa daga NASCAR ba sai a 2021, shekara talatin bayan rasuwarsa. Wato ko a can, abin da ya tare hanya ba jinin mutum ba ne, masu riƙe da ƙofa ne.

Za a ce mana ai wannan Amurka ce, ina ruwanmu. To, mu dawo gida, mu dawo Unguwar Boro ɗin kanta, domin mu a ganinmu babu unguwar da ta fi ta cancantar haifar direbar tsere a duk Arewa. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kachia, in ya fuskanci gaba kaɗan ga matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. In ya juya ya bi ta Sabon Tasha da Television ya faɗa Kakuri, inda kamfanin Peugeot, wanda iyayenmu ke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a 1975. A farkon shekarun 1980 dubun-dubatar motoci ke fitowa daga wannan masana'anta kowace shekara, kuma 504 da Faransa ta daina ƙerawa tun 1983, a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Wannan 504 da muke rainawa, muna loda mata fasinja tara da buhunan masara, irinta ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978, yayarta 404 kuwa sau huɗu ta ci a shekarun 1960. Gari ke nan da ya ƙera mota, ya tace man da za ta sha, ya yaye dubban makanikai da masu walda da masu waya da masu fenti, har ya haifi Jelani Aliyu wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka. Amma a ce duk tsawon shekarun nan ba a share ko fili ɗaya na jar ƙasa ba inda ɗan bakanike zai gwada abin da ya haɗa? Dawakin polo suna da filinsu a tsakiyar gari tun zamanin Turawa, ana yi masa ban-ruwa, ana aske masa ciyawa, domin wasan sarakuna da hafsoshi da attajirai ne. Wasan masu baƙin mai a farce kuwa ko inuwar bishiya ba a ba shi ba. A nan 'yar Unguwar Boro take shan duka biyu: na farko don 'yar talaka ce, na biyu don mace ce.

Kuma kada wani ya ce tseren mota baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 aka shigar da shi cikin bikin kamun kifi na Argungu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun sha ƙurarsa, domin gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda ta ƙare a Janairu 1979, ta Agadas da Yamai ta bi, aka kuma yi ta bi ta Agadas shekara da shekaru. Sai dai me muka zama a cikinta? 'Yan kallo da masu tura mota in ta kafe a yashi, wani lokaci ma 'ya'yan ƙauyukan Afirka ne ake takewa a wuce. Mu ba mu ga abin alfahari a nan ba. Amma ko a wannan gasa ta Turawa, a 2001 mace ce ta cinye ta baki ɗaya, Bajamusa Jutta Kleinschmidt, bayan dubban kilomitoci a hamada. Kafin ita an yi Michèle Mouton ta Faransa, wadda ta ci gasa uku ta duniya a 1982, ta zo Kwaddibuwa tana neman kambin duniya, aka aiko mata da rasuwar mahaifinta ana gab da tashi, ta share hawaye ta shiga mota ta yi ta jan ragamar tseren har sai da mota ta ci amanarta, ta ƙare shekarar a matsayi na biyu a duniya. In kuwa an ce waɗannan duk Turawa ne, to ga Susan Muwonge ta Yuganda, baƙa kamarmu, matar aure kuma mai harkar makaranta, wadda ta zama zakarar ƙasarta a 2011, ta maimaita a 2018, duk da mazan da ke cikin gasar.

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin masu hanawa, domin ba duka ne na wauta ba.

Suna cewa akwai haɗari. Gaskiya ne akwai, kuma ba za mu ɓoye ba: Dale Earnhardt, ɗaya daga cikin gwanayen da aka taɓa yi, a zagayen ƙarshe na Daytona ya mutu a 2001, kuma mutuwarsa ce ta sa aka tilasta wa kowane direba ɗaura abin da ke riƙe kai da wuya. Amma don Allah mu yi wa kanmu adalci. A filin tsere kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai ƙetarawa, babu akuya, babu tirela a tsaye ba fitila. Direba yana cikin keji, an ɗaure shi ta kafaɗu da ƙugu, ga hular kwano, ga rigar da wuta ba ta saurin ci, ga masu tuta a kowace kwana, ga motar asibiti a tsaye injinta na aiki, kuma ba a barin mota ta shiga sai alƙalai sun duba ta ciki da waje. Kwatanta wannan da abin da muke gani duk ranar ɗaurin aure ko Sallah a Kaduna da Kano da Zariya: samari 'yan gata, da motocin iyayensu, suna juyi a tsakiyar kwalta, taya na hayaƙi, abokai zaune a kan taga, yara da almajirai sun yi musu zobe ba shinge ba komai. Wannan shi ne wasan motar da muke da shi, kuma kowa ya san gidan da ya sa makoki. In an kama yaro, kafin magariba an buga waya an sake shi, sai ka ji ana cewa ai ƙuruciya ce, namiji ne, zai bari. Wato gangancin ɗa namiji a kan titin jama'a ƙuruciya ne, amma horon 'ya mace a cikin shinge, ƙarƙashin doka, shi ne fitina. An bar jaki ana dukan taiki.

Kaduna ma ta fi kowa sanin wannan magana, kuma da hawaye ta san ta. Tolulope Arotile a garin nan aka haife ta, a nan ta yi firamare da sakandare, a nan ta shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA. A watan Oktoba 2019 aka liƙa mata fuka-fuki a matsayin mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi a Nijeriya, ta je ta yi shawagi a kan dazuzzukan da 'yan bindiga suka addaba, ta dawo lafiya. Me ya kashe ta? Ranar 14 ga Yuli 2020, tana tafe a ƙasa cikin barikin sojan sama na Kaduna, wani tsohon abokin karatunta ya hango ta, ya sa giyar baya don ya gaishe ta, ya banke ta. Rahoton rundunar ya ce ba shi da lasisin tuƙi. Shekararta 24. Mai horo ta tsira daga harsashi, marar horo ya gama da ita da ribas. Duk mai son ya yi mana wa'azi kan haɗarin barin mace ta riƙe inji, ya fara tsayawa a kan wannan kabari.

Suna cewa kunya da tarbiyya da addini. Wannan hujja daga ɓangare biyu take fitowa, kuma abin dariya ne yadda take haɗa kan waɗanda ba su cika haɗuwa ba. Kowa ya san tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya raba garin nan, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu, ana zaman 'yan marina. Amma da an ce yarinya za ta shiga ƙarƙashin mota, sai ka ji dattijon Tudun Wada da dattijon Sabon Tasha sun yi baki ɗaya: wa zai aure ta? To, muna tambaya, wane irin tsiraici ne a cikin kayan tsere? Riga ce daga wuya har idon sawu, ga safar hannu, ga takalmi, ga mayafin kai da ke rufe gashi da wuya, ga hular kwano a sama. Ko idonta ba ka gani sai ta ɗaga gilashi. Matan zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun hau raƙuma sun yi tafiye-tafiye, kuma raƙumi shi ne motar wancan zamani. Ƙasar Saudiyya, wadda ta fi kowa daɗewa tana hana mata tuƙi, ta janye hanin ranar 24 ga Yuni 2018, a ranar Aseel Al-Hamad ta zagaya filin tsere a Faransa da motar Renault, kuma a Nuwamba 2019 Reema Juffali ta yi tsere a Diriyya, kusa da Riyad, a gaban 'yan ƙasarta. Mu da muke karanta tarihin Nana Asma'u da 'yan-tarunta masu ratsa daji don neman ilmi, muke kuma rantsuwa da jarumtar Hajiya Gambo Sawaba a duk taron ƙungiya, bai dace a ce sitiyari ne ya gagare mu haɗiya ba. Ko kuwa jarumtar mata tana da daɗi ne kawai in mai ita ta mutu ta zama suna a jikin ɗakin kwanan ɗalibai?

Kuma in ana maganar tarbiyya, mu dubi inda 'yan matan unguwanninmu suke yini yanzu. Wa ya taɓa yin zanga-zanga don yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana tallar gyaɗa da ruwan leda a tasha, tana ratsa tsakanin motoci, 'yan kamasho da yaran mota suna ja mata zane? Babu. Tana gaban mota tana roƙon ciniki, ba a ce komai ba. Ranar da ta buɗe bonet ta ce za ta koyi abin da ke ciki, ranar ce aka tuna da mutuncinta.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma daga abokan gwagwarmayarmu take fitowa. Suna cewa: ana fama da yunwa, an rufe masaƙar Kaduna tun 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, matatar mai ta shafe shekaru a tsaye, litar fetur ta gagari ma'aikaci tun da aka janye tallafi a 2023, ku kuwa kuna maganar ƙona mai don wasa, ai wannan shagalin 'yan jari-hujja ne. Mun ji, kuma da a ce muna neman gwamnati ta ciyo bashi ta gina katafaren fili mai kujeru dubu hamsin don manyan baƙi, da mu ne za mu fara ɗaukar kwalaye. Ba shi muke nema ba. Mu tuna daga inda wasan ya fito: daga garejin talaka. Motar tsere guda ɗaya, tsohuwar 504 ko Golf da aka ceto daga hannun 'yan gwangwan, sai ta ratsa hannun mai walda da zai haɗa keji, da mai juya ƙarfe da zai gyara inji, da mai waya, da mai faci, da mai fenti, da telan da zai ɗinka ɗamara. Kuma aikin ba ya karɓar algus, domin waldar da aka yi ta ha'inci a kwana ta farko za ta tona asirin mai ita a gaban jama'a. Mutanen Panteka da ke ƙera injin niƙa da na casa daga tarkacen ƙarfe ba gwaninta suka rasa ba, abin da zai matsa musu su auna aikinsu da ma'aunin da ba ya ƙarya suka rasa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da suka haɗa 'yar motar nan ABUCAR don gasar tsimin mai ta kamfanin Shell za su gaya muku cewa abin da suka koya a wata shida na haɗa ta ya fi na shekara uku a gaban allo. Ƙasar da ke son ta ƙera mota amma tana ƙyamar gwada mota, har abada sai dai ta ɗaura tayoyin da wasu suka aiko mata a akwati.

Nan ne kuma maganar mata ta daina zama ta wasa ta koma ta abinci. Ba kowace yarinya ce za ta zama direbar tsere ba, ko a Amurka ɗaya ce cikin dubbai. Amma ƙofar da za ta bi ta kai ga filin tsere, ita ce dai ƙofar gareji, kuma bayan wannan ƙofa akwai sana'ar da ke ciyar da gida. Sandra Aguebor ta Benin, wadda ake kira bakanikiya ta farko a Nijeriya, ta kafa shirin koya wa mata kanikanci a 2004, kuma ɗaruruwan mata sun sami abin yi ta hannunta. A Sakkwato, birnin Shehu, Fatima Adamu ta buɗe garejin Nana inda 'yan mata da lulluɓinsu suke juye baƙin mai suna canza birki, sama kuwa ba ta faɗo ba. In Sakkwato ta iya, ina uzurin Kaduna, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ta samo asali tun 1956, mai Kakuri, mai sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot da ta fara haɗa motoci a hanyar Abuja a 2022? Duk sa'ad da muka yi wa yarinya ɗaya dariya don ta ambaci tsere, wasu hamsin da ke sauraro sun fahimci saƙon: ku nisanci ƙarfe, ku koma ɗinki da kitso. Ba mu raina ɗinki da kitso ba, iyayenmu mata da su suka biya mana kuɗin makaranta. Abin da muka ƙi shi ne a ce iyakar duniyar ke nan.

Mu kanmu ɗalibai ba mu da bakin zargin dattawa. Ku shiga ɗakin koyon aiki na sashen injiniya ranar gwaji ku gani: maza sun kewaye inji, an miƙa wa mace biro da takarda an ce ke rubuta mana sakamako, hannunki ya fi kyau. Shekara biyar tana rubuta sakamako, ranar neman aiki a ce mata ba su iya aikin hannu ba. Mu da muke cika bakin juyin-juya-hali a dandalin ƙungiya, muna zagin 'yan mulkin mallaka da 'yan barandansu, mu ne muke yi wa abokan karatunmu mulkin mallaka a kan sifana mai lamba goma sha biyu. Laifi tudu ne. Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu fita, kuna zaune a ma'aikatar wasanni da ta ayyuka da ofishin filaye, ku ne fayil ke kwana a teburinku. In takardar neman filin polo ce ko ta gidan mai, kun san yadda take tashi sama da ƙafafunta.

Saboda haka ga abin da muka kai gaban majalisar ƙungiyar ɗalibai, kuma za mu matsa sai an karanta shi a zama mai zuwa. A kafa kulob na motoci a ƙarƙashin ƙungiya, a rubuta cikin dokarsa cewa ba za a fitar da mota gasa ba sai akwai mata cikin masu haɗa ta da masu tuƙa ta, kuma zaɓen direba da agogo za a yi shi, wanda ya fi sauri ba tare da ya taɓa shinge ba shi ne zai shiga. A nemi hukumar jami'a ta ba mu ɗaya daga cikin matattun motocin da ciyawa ta cinye a bayan sashen ayyuka. A rubuta wa gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Chikun a nemi aron fili a bayan gari, wajen Unguwar Boro ko gaba da ita, nesa da gidajen mutane, a baje shi da gireda, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, zagayen da bai wuce rabin kilomita ba. A gayyaci Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988 don irin wannan aiki, ta duba motoci da lasisi, ta kuma sa sharaɗi cewa duk wanda aka kama yana wasa da mota a kan titi an haramta masa filin shekara guda. Samarin da ke juyi a bakin gidajen biki, su ma ga inda za su zo su nuna in da gaske gwanaye ne, a inda ba za su take ɗan kowa ba. A Jihar Edo wasu masu sha'awar abin sun share irin wannan fili a Evbuobanosa da ƙarfin kansu, ba su jira Abuja ba.

Ita kuwa mai maganar, mun je mun ba ta haƙuri a madadin waɗanda suka dara, ta ce ba komai, ta saba, a gareji ma sai ta tayar da motar mutum yake daina kiran babanta. Mun tarar da ita ranar Asabar da tsohuwar 504 da mahaifinta ya karɓa a bakin bashi, ta riga ta fitar da kujerun baya, tana auna bututun keji da tef da alli. Kuɗin waldar ne bai cika ba, da na hular kwano ta gaske, domin ta ce ba za ta sa irin ta 'yan acaɓa ba. Akwatin gudummawa yana ofishin ƙungiya daga ranar Litinin, kuma mun rubuta sunan mai maganar tuƙin tuwo a layin farko, mun bar masa gurbin adadi ya cike da hannunsa.